Ba annoba ce ta kashe salwar nan ba

Wanda ya sayar wa mutum tsuntsu, ya karɓi kuɗinsa, bai gaya masa abin da tsuntsun yake ci da irin wurin da yake kwana ba, amana ya ci. Da wannan zan fara, don har yanzu raina bai huce ba.

Wani magidanci ne ya shigo wurin aikinmu da hantsi, keji a hannu, 'yarsa da ba ta gama firamare ba tana biye da shi, ta rungume kwalin takalmi. Kejin irin na aku ne, dogo, sama waya ƙasa waya, da sandunan sauka biyu a gicciye, har da ɗan lilo da madubi. Abin da ke ciki kuwa 'yan ƙananan salwar adon nan ne da ake kira salwar Sin, waɗanda bidiyonsu ya cika TikTok, ana nuna su cikin akwatin gilashi da fitila suna zuba ƙwai mitsi-mitsi. Asalinsu daga Indiya da kudancin Sin ne, ta Indonesiya, har Ostareliya, kuma babba a cikinsu da ƙyar yake kai giram 50. Maza uku na gani a kejin, kowa ya kama kusurwarsa, ɗaya kansa ba gashi.

"Likita, annoba ce ta shigar musu," in ji shi. "Ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. A taimaka a yi musu allura."

Na ce, Alhaji, nawa aka sayar maka? Shida. Maza nawa, mata nawa? Bai sani ba. Mai tsuntsayen ne ya zaɓo masa "masu kyaun", wato masu shuɗin ƙirji da farin layi a maƙogwaro. To masu kyaun nan su ne mazan. Maza huɗu, mata biyu, keji ɗaya. Me suke ci? Gero, kuma mai kyau, Hajiya ce da kanta take tsince musu shi. Ban da gero fa? Ruwa. Ina ake ajiye su? A falo, gefen talabijin, don yara su riƙa kallo.

Daga nan na daina neman annoba.

Na farkon da ya mutu, da safe suka tsince shi a ƙasan keji, kai a kumbure, ba zawo ba majina. Da na matsa da tambaya, ashe a daren an ɗauke wuta, aka tayar da janareta, fitilun falo suka kama gaba ɗaya. Wannan tsuntsu idan ya firgita ba ya yin gefe. Sama yake zabura a miƙe da iya ƙarfinsa. A cikin ciyawa wannan zaburar ce take ƙwatarsa daga bakin abin da zai cinye shi, amma a ƙarƙashin rufin waya ƙoƙon kansa yake fasawa. Ta biyu mace ce. Mazan suka yi ta hawanta bi da bi, kowa yana cafkar ƙeya, har suka ɗaye mata fatar kai. Aka shafa mata man kaɗanya, aka mayar da ita cikinsu. Mayarwar nan ce ta ƙarasa ta.

Ta ukun ce a kwalin takalmi. Gashi a tashe, fukafukai a sake, ƙafafu a buɗe, ido rabi a rufe, wutsiya tana sama da ƙasa da kowane numfashi. Na kai ɗan yatsa mararta a hankali, ina sa ran jin ƙwai dunƙule. Sai na ji ƙaras-ƙaras. Gashin mafita ya jiƙe da ruwan ƙwai gauraye da jini, gefen baki kuma ga wani rawayan gari ya bushe.

Na ce, Alhaji, wa ya taɓa ta?

Ya ɗan yi jim. Jiya da yamma, ganin ta kasa tsayuwa, ya kai ta wani shagon magungunan kaji a unguwarsu, inda yaron shago yake amsa sunan dakta. Yaron ya ce ƙwai ne ya maƙale. Daidai ya faɗa, wannan ko makaho ya shafa zai gane. Sai ya ɗiga mata man gyaɗa, ya sa babban yatsa ya matsa. Ƙwai bai fito ba, ya ƙara matsawa. Sannan ya buɗe kafson tetrasaikilin, ja da rawayan nan na mutane, ya kaɗa rabi a cokalin ruwa ya ɗura mata. Ya karɓi kuɗinsa, ya ce zuwa gobe za ta miƙe.

Na ɗora ta a sikeli, giram 40. Mutum mai kilo 60 ya ninka ta sau 1,500, kuma shi ake bai wa kafson nan mai miligiram 250. Ita an ba ta rabinsa a zama ɗaya. Bayan haka, tetrasaikilin kama kalsiyam yake yi a hanji ya hana jiki amfana da shi, ita kuwa rashin kalsiyam ne ya kwantar da ita tun farko. Kuma me ya haɗa ƙwai da ya maƙale da maganin kashe ƙwayoyin cuta? Amma a wurin waɗannan mutane duk abin da ke da fiffike, in ya sunkuyar da kai, kafso ne maganinsa.

Muka sa ta a ɗumi, muka ba ta kalsiyam da ruwa ta ƙarƙashin fata, abin da ake yi dai. Yarinyar tana tsaye a bakin tebur, ta ce, "Likita, za ta tashi?" Na ce, 'yata, ki yi mata addu'a. Ba ta kai azahar ba.

Na nemi izinin Alhaji na buɗe ta, bayan ya fita da yarinyar. Ƙwan ya fashe a hanyarsa, ɓawonsa siriri ya yanki mafitar, gwaiduwa ta malale cikin ciki. A bayansa ga wani ƙwan yana tafe, ba ɓawo sai fata. Ƙashin ƙirji ya karkace. Ƙashin cinya na ɗan lanƙwasa shi ya karye kamar tsinken tsintsiya. Tsuntsuwar nan ta yi makonni tana zare kalsiyam daga ƙasusuwanta tana yin ɓawon ƙwai, yara suna murna kullum ana tsintar ƙwai.

Gero zalla ba abincinta ba ne. Kejin aku ba gidanta ba ne. Ƙwai idan ya maƙale ba a matsawa. Yaron shago ba likita ba ne.

Maganar abincin ce ta fi damuna, don ita ce ba a gani sai ta gama ɓarna. Ƙwan salwar nan wajen giram 5 ne, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na nauyin uwarsa. Kazar gidan gona mai kilo biyu ƙwanta wajen giram 60 ne, ku auna bambancin. Kuma idan haske ya kai awa 14 a rana, kusan kullum za ta yi ƙwai. Falon da ake kallo har sha biyun dare ya wuce haka nesa ba kusa ba. Gero kuwa furotin ɗinsa bai wuce kashi 11 ko 12 cikin ɗari ba, kalsiyam ɗinsa ba a ma maganarsa, alhali babbar salwa tana neman wajen kashi 20, tsaki ya fi haka. Da me za ta yi ɓawon? A ba su abincin tsakin kaji na buhu, a ɗan ƙara niƙa shi, don bakin ƙarami ne. A ajiye musu dakakken ɓawon kawa, ko ɓawon ƙwai da aka tafasa aka shanya, a mazubi daban, kullum, kada ya yanke. Gara tana da kyau ƙwarai, iyayenmu da ita suke tayar da tsakin zabi, amma ban da wadda aka ɗebo daga inda aka yi feshi. Ɗan ganyen latas ko zogale. Gero da acca a bar su a matsayin ƙwalama. Sannan rana: tsuntsun da bai taɓa shan hantsi ba, sai hasken da ya ratso gilashin taga, ko ka cika masa mazubi da kalsiyam jikinsa ba zai ɗauka yadda ya kamata ba. A fitar da su su sha ranar safe, da inuwar da za su koma. Magariba ta yi, a bar su cikin duhu su huta. Macen da ta yi ta zuba ƙwai ba hutu ba ta daɗewa, alhali tsuntsun nan in ya samu kulawa yana yin shekara uku zuwa biyar.

Wasu kuma suna zuwa mini da ilimin kiwon salwar Japan, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta shigo da ita Najeriya a 1992, aka yi yayin ƙwanta ana cewa yana maganin kowace cuta, wanda shi ma zancen wata rana ne. Waccan ta ninka wannan nauyi kamar sau uku, ana tara ta da yawa, namiji ɗaya mata uku ko huɗu. Wannan miji da mata take zama. Namiji ɗaya, mace ɗaya, gida ɗaya. Maza biyu da mace a tsakani, jini za a gani. Mai sayarwa ya san haka sarai. Mazan ne suke yi masa kwantai, shi ya sa yake haɗa su da sunan "masu kyau".

Gida kuma faɗi ake nema, tsawo ba ya amfana mata komai, don tsuntsuwar ƙasa ce, ba ta hawa sanda, lilo da madubi kuwa asarar kuɗi ne. Ƙasan ya zama daɓe ko katako, a zuba ƙaiƙayin shinkafa ko dusar katako busasshiya. Waya tana cin tafin ƙafa, kashi kuma yana dunƙulewa a yatsu ya bushe har yatsa ya guntule. Rufin a liƙa masa soso, ko a ɗaura yadin gidan sauro daga ciki yadda in ta zabura za ta daki abu mai laushi. Na sake faɗa: rufi mai laushi. A sa mata wurin ɓuya, ko fasasshiyar tukunya ce a kife, da dunƙulen busasshiyar ciyawa. A sa kwanon yashi, da shi take wanka, kada wani ya ce zai yi mata da ruwa. Ɓera yana shiga ta inda ba ka zato, mage kuma ko ba ta samu shiga ba, zamanta a kan keji ya isa ya sa su yi ta dukan rufi.

Hajiyoyi, ku yi haƙuri da ni: turaren wuta da tsuntsu ba sa zama ɗaki ɗaya. Haka fiya-fiya, haka maganin sauro na kunnawa, haka hayaƙin janareta. Sanyin hunturu ma a kare su daga iska.

Yara kuma su kalla da ido. Ba ta son a ɗauke ta, kuma damƙa ɗaya ta yaro mai ƙauna ta isa.

Alhaji ya ce mini ya tara ƙwai ya kai wa mai injin ƙyanƙyasa. Kwana 16 suke yi su fashe, kuma tsakin bai wuce kan babban yatsa ba. Da yawa daga waɗanda ke mutuwa a makon farko a ruwan sha suke mutuwa. Murfin kwalba ma yana nutsar da su, sai an cika shi da tsakuwa yadda baki kawai zai taɓa ruwa. Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda, ƙafafu za su tale, kuma in aka makara ba sa komawa daidai. Tsohon tawul ya fi. Zafi digiri 35 a makon farko, a riƙa ragewa sannu a hankali, kuma tun kafin a ɗauke wuta a san abin da za a yi, ko kwalbar ruwan zafi ce a naɗe da tsumma. Ban da gawayi a rufaffen kwali. Abinci a niƙa shi ya zama gari. Ragar da za ta tsare babba, tsaki ta cikinta zai fice.

Sabon tsuntsu daga kasuwa a ware shi aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida, kuma nesa da kaji. Murar tsuntsaye tana tare da mu tun 2006, ba ta tambayar ko na ado ne.

Duk wanda ya ga macensa ta kumbura gashi, ta zauna a ƙasa tana yunƙuri, wutsiya tana motsi, to awoyi gare shi, kada ya ce bari a ga gobe. Ya ware ta a ƙaramin kwali mai huji, ya shimfiɗa tawul, ya sa ta wuri mai ɗumi da duhu, ya ajiye ruwa kusa da bakinta ba tare da ɗura ba. Kada ya ba ta kafso, kada ya ba ta farasitamol, kada ya zura mata komai. Ya kawo ta wurin likitan dabbobi mai rajista a ranar, tare da samfurin abincin da take ci da hoton gidan da take kwana. A hanya kuma, duk wanda ya ce a ba shi ya gwada matso ƙwan, ko wane ne shi, a hana shi.