Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Ƙwaƙwalwar Malami Da Amfanin Abokin Gyara

Hausawa suna da karin magana guda biyu da suke kamar suna karo da juna. Ɗaya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗayan kuwa ya ce gemu ba ya hana ilimi. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana riƙe da alli a Batsari ko a Safana yana iya tambaya, shin wanne ne ya dace da shi? Kimiyyar halittu ta fi karkata ga na biyun, amma bisa sharaɗi.

Abin da ke faruwa cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana miƙa saƙo ga 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita takan ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita kuma takan raunana, tamkar hanyar ƙafa a daji wadda ciyawa ke rufewa idan aka daina bin ta.

A da an ɗauka wannan sauyi na yara ne kawai. A shekarar 2000, Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba su lasin. Ta tarar bayan wani sashe mai suna hifokamfas ya fi girma a wurinsu. Wannan sashe ne makiyayi yake dogara da shi wajen tuna burtali da mashaya a dajin Rugu. To, amma ko da ma masu babban hifokamfas ne suke shiga sana'ar? Domin warware wannan, sai aka bi masu koyo su 79 tun daga farko. Rahoton 2011 ya nuna cewa 39 da suka ci jarrabawar sashen nasu ya ƙaru, waɗanda ba su kai ga ci ba kuwa nasu bai sauya ba. Dukkansu baligai ne. Haka kuma wani bincike da aka yi a Jamus a 2004 ya nuna cewa ƙarin da koyo ya kawo yakan ja baya idan aka daina aikin.

Yarda da cewa basira tana ƙaruwa

A kan irin wannan tushe ne Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta bambanta tunani iri biyu: na wanda ya ɗauki basira a matsayin rabo da ba ya ƙaruwa, da na wanda ya yarda tana bunƙasa da aiki. A 1998 ita da Claudia Mueller sun nuna cewa yaran da aka yaba wa kaifin basira sun fi gudun aiki mai wuya a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Dalili kuwa, na farkon suna ganin kuskure zai tona musu asiri. Babban mutum ma bai tsira daga wannan ba. Malamin da ke tsallake babin gadon halitta kowace shekara, ba lalle lalaci ke damunsa ba.

Sai dai an zuzuta wannan ra'ayi fiye da kima. Gwajin da aka yi wa ɗalibai fiye da 12,000 a Amurka, wanda aka buga a 2019, ya samu ƙarin maki 0.1 kacal cikin 4 ga ɗalibai masu rauni, kuma ya fi tasiri a makarantun da ake ƙarfafa gwada abu mai wuya. Rubuta "za ka iya" a bangon aji ba zai koya wa kowa haɗa madubin ƙara girma ba.

Abokin gyara

A nan ne aikin mai horarwa yake shigowa. Maƙeri ba ya tura yaronsa taron bita. Yakan zaunar da shi kan zugazugi, ya dubi hannunsa, ya gyara masa riƙon awartaki nan take, gobe kuma ya sake dubawa. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa suka tattara bincike 60, suka tarar irin wannan horo na gani da ido yana inganta koyarwa ƙwarai, yana kuma ɗaga sakamakon ɗalibai gwargwado. Amma da zarar shirin ya faɗaɗa, sai tasirinsa ya ragu, domin ƙwararrun masu horarwa ba su da yawa.

Jihar Katsina ta ɗanɗana irin wannan shiri. Daga 2013 gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa wani shirin horar da malaman firamare a Katsina da Jigawa da Zamfara, inda aka haɗa bita da ziyarar aji da darussan bidiyo a wayar hannu. Amma a yankin da ke bakin Rugu, wanda hare-haren 'yan bindiga suka sha rufe makarantu da hanyoyi, mai ziyara daga Katsina ko Dutsin-Ma ba abin dogaro ba ne kullum. A 2021 ma an katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Wanda ba ya yankewa shi ne malamin ajin da ke maƙwabtaka.

Malamai biyu suna iya farawa da abu guda tak. A shekarun 1970, Mary Budd Rowe, malamar kimiyya, ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan ƙara tsawo, ɗaliban da ke yin shiru ma sukan ɗaga hannu. Saboda haka ɗaya ya zauna a bayan aji da agogo, ya rubuta tsawon jiran bayan kowace tambaya. Bayan an tashi ya nuna wa ɗan'uwansa alƙaluman, ba tare da wa'azi ba. Mako mai zuwa su yi musanya, su ci gaba har ƙarshen zango. Takardar kuma ta tsaya tsakaninsu, kada ta kai teburin firinsifal, domin ranar da ta shiga fayil, malamin zai koma koyar da babin da ya riga ya iya.