Shin Maganin Cibiyar Jarirai Yana Makantarwa?

Wata mai jego ta rubuto cewa a asibiti an ba ta maganin shafa wa cibiyar jaririnta, amma surukarta ta hana, wai ta ji yana makantar da yara. Tana tambaya ko gaskiya ne.

Barka da arziki, 'yata, Allah ya raya. Sunan maganin kulohezidin, sinadari ne mai kashe ƙwayoyin cuta a fata. A Ingila aka samar da shi a shekarun 1950. Da shi ake wanke fatar wanda za a yi wa tiyata, yana cikin wasu ruwan kurkure baki, kuma akan ɗiga ɗan kaɗan a wasu magunguna don kada su lalace.

Cibiyar da aka yanke ƙofa ce a buɗe, ta nan cuta kan shiga jinin jariri. Binciken da aka yi a Nepal da Bangladesh da Pakistan ya nuna shafa shi yana rage ruɓewar cibiya da mutuwar jarirai. Jihar Sakkwato ta fara raba shi a 2013.

Surukarki ba ƙage ta yi ba, ki saurare ta da mutunci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi, domin a wasu ƙasashen Afirka an ɗiga nau'insa na ruwa a idon jarirai, saboda kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, har wasu suka makance. Abin baƙin ciki ne ƙwarai. Amma shigarsa ido ce ta jawo haka; shafa shi a cibiya ba ya cutar da gani.

Don haka ki wanke hannu da sabulu, ki lakato maganin da yatsa, ki shafa a kan cibiyar da gindinta sau ɗaya a rana, tsawon mako guda, sannan ki sake wanke hannu kafin ki taɓa fuskarsa. Kada ya kusanci ido ko kunne. Ki bar sa wa cibiyar toka da man goge baki, ko gasa ta da tsumma mai zafi.

Yakan sa cibiya ta ɗan jinkirta faɗuwa, wannan ba matsala ba ne. In kuwa kika ga ƙuraje, ko kumburi, ko mugunya, ko jariri ya ƙi nono, ki garzaya asibiti. Ya shiga ido bisa kuskure? A wanke da ruwa mai tsabta mai yawa nan take, sannan a tafi wurin likita.