In Batirin Babur Ya Ƙi Riƙe Caji

Ɗan'uwa manomi, babur ke kai ka gona, shi ke ɗauko maka taki. In batirinsa ya fara mutuwa, kada ka yi garajen sayen sabo. Sau da yawa laifin ba na batir ba ne, sabon ma haka zai mutu, ka yi asarar kuɗinka. Ga yadda za ka gane:

1. Dubi kawunan batir. In farin gari ya taru, cire baƙar waya tukuna, ka wanke da ruwan zafi, ka ɗaure tam.

2. In mai murfi ne, dubi ruwansa. In ya sauka ƙasa da layi, ƙara tataccen ruwa na kanti. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

3. Yi masa caji ya cika, ka bar shi a cire ya kwana. Da safe bakanike ya auna da mita. Lafiyayyen batir mai bolt 12 zai nuna kamar 12.6. In bai kai 12 ba, ya gama aiki.

4. In lafiya yake, mai da shi, ta da inji, ka murɗa totur. Ana so mita ta nuna 13.5 zuwa 14.5. In ta gaza ko ta zarce, a binciki koyil da raktifaya.

5. In duk wannan daidai ne amma yana mutuwa a ajiye, wata waya ce ke satar wuta.

Hattara! Ruwan cikin batir asid ne, yana cin fata da ido. Kada a kunna ashana wurin caji.