Lissafi: Lambar da ba ta rabuwa

Goro 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, 3, 4 ko 6. Amma goro 13 ba ya rabuwa haka, kullum sai an samu saura. Lambar da ta fi 1, wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, ana ce mata lamba marar rabuwa. Misali: 2, 3, 5, 7, 11, 13.

Ga wata babba. In aka jera 2 har sau 13 aka ninka su, za a samu 8 192. In aka ɗebe 1, saura 8 191. Don a gane ko tana rabuwa, ba sai an gwada dukan lambobi ba. Ana gwada marasa rabuwa kaɗai, daga 2 zuwa 89, su 24 ke nan. A nan ake tsayawa, domin mai bi musu ita ce 97, kuma 97 × 97 ya wuce 8 191. Kowane rabo yana barin saura, saboda haka 8 191 ba ta rabuwa.

Amma a yi hattara. In aka jera 2 sau 11, wannan hanya tana ba da 2 047, alhali kuwa 2 047 = 23 × 89. Dole ne a gwada kafin a yanke hukunci.

A shekarar 1772, masani Euler ya tabbatar da cewa 2 147 483 647 ba ta rabuwa. A 2024 kuma, an gano wata da kwamfuta, mai alƙaluma fiye da miliyan 41.

Aiki
1. Mene ne lamba marar rabuwa?
2. Tsakanin 127 da 511, wacce ke rabuwa?