"An Kama Ɗanmu a Saudiyya": Kafin Ku Hau Facebook, Ku Saurari Wannan

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo ofishina a Kano, ƙanin mijinta na biye da ita. Ta kwance baƙar leda ta zazzage a kan tebur: hoton fasfo guda biyu, rasit ɗin kuɗin da suka biya ejan, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. A cikin wayar akwai gajeren saƙon murya, ɗanta yana cewa, "Umma, sun kama ni, ku sa ni a addu'a." Daga nan shiru.

"Barista, wata uku ke nan," in ji ta. "Mun yi sauka, yara sun sa a Facebook, mun tura kuɗi ga wani da ya ce ya san manya a Jidda."

Na ce, "Hajiya, a wane gari yake tsare? Wane laifi aka rubuta masa? Lambar fasfonsa fa?"

Ta dubi ƙanin mijinta, shi ma ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya sani.

A aikin lauya na sha ganin haka, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Iyalai suna kashe ƙarfinsu da kuɗinsu wajen kuka, alhali abin da ke buɗe ƙofar kurkuku hujja ce a rubuce. Gangami yana da amfani ƙwarai, amma sai an ɗora shi a kan takarda.

Abin farko shi ne a san irin tsarewar, domin kowace da maganinta. Wanda igamarsa (takardar izinin zama) ta ƙare, ko kafilinsa ya rubuta masa hurubu (wato ya kai rahoton ya gudu), galibi tarhil ake kai shi, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, kuma ƙarshen maganarsa a dawo da shi gida. Wanda ake tuhuma da ƙwaya kuwa yana gaban kotu, kuma hukuncin na iya kaiwa ga rai: a farkon Afrilun 2019 an zartar wa wata 'yar Najeriya hukuncin kisa a Saudiyya kan wannan laifi. Wanda ake tuhuma da kisa yana ƙarƙashin ƙisasi, inda mabuɗin yake hannun magadan mamaci: su yafe, su karɓi diyya, ko su ƙi. Iyalin da suka fara tara diyya alhali tuhumar ƙwaya ce, sun shuka dusa.

Na biyu, ɗan'uwanku yana da haƙƙin da doka ta ba shi. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci ya ce idan aka kama baƙo, a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa ba tare da ɓata lokaci ba in ya nemi hakan, kuma jami'an ofishin suna da damar ziyartarsa su taimaka ya samu lauya. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. A Abuja akwai Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Ku rubuta musu koke ɗauke da cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ranar tafiya, jirgin da ya hau, da ranar da aka ji muryarsa ta ƙarshe. Ku tabbatar an buga muku hatimi a kwafinku. Jakada ba ya soke hukuncin alƙalin wata ƙasa, amma fursunan da ake zuwa tambayarsa ba a mantawa da shi.

Mutane da yawa suna tuna wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule da aka kama a Madina a Disamban 2018, bayan ta tafi Umra da mahaifiyarta. An samu tiramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Abin da jama'a suka fi riƙewa shi ne yadda kafafen sada zumunta suka ɗauka. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne abin da ke ƙasan wannan hayaniya: mahaifinta ya shigar da koke, binciken hukumar NDLEA ya gano masu liƙa sunayen matafiya a jakunkunan da ba nasu ba a filin jirgin Kano, aka gurfanar da waɗanda ake zargi a kotu. Da wannan hujja gwamnatin Shugaba Buhari ta tunkari Saudiyya, aka sake ta ranar 30 ga Afrilun 2019. Gangamin ya tura motar, amma binciken ne ya zuba mata mai.

Don haka idan lokacin fita bainar jama'a ya yi, a yi shi da tsari. Iyali su zaɓi mutum ɗaya mai magana, kada kowa ya ba 'yan jarida labarinsa daban. Kada a zagi ƙasar da take riƙe da shi ko alƙalanta, domin bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne, kuma akwai danginku da ke zaune can. Kada a rantse cewa bai aikata ba sai an tabbatar. Wani lokaci neman sassauci ya fi musu amfani. A nemi ɗan majalisar mazaɓa, mai unguwa har zuwa fada, da malamai masu faɗa a ji, amma kowa a miƙa masa kwafin takarda, ba hawaye kaɗai ba. A shari'ar ƙisasi ma, yayatawa na iya fusata magada ko ta sa diyya ta hau, don haka sulhu cikin sirri ya fi.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya kira ya ce a tura kuɗi asusunsa yau gobe a sake shi, a kashe waya. Wanda Hajiya ta tura wa kuɗin sayar da ɗan kunnenta, layinsa bai ƙara shiga ba.

Mun samo lambar fasfon ɗanta daga tsohon fom ɗin biza. Muka rubuta koke, muka bi shi da ƙafa da waya. Ashe yaron yana tarhil, hurubu ne kawai a kansa, fasfonsa kuma yana hannun kafili. Da aka yi masa takardar tafiya ta gaggawa, ya dawo. Ranar da ta kawo shi ofis, ya rame, tana riƙe da hannunsa kamar ɗan yaye, ta ce, "Barista, ashe wata ukun nan a banza muka yi ta yawo."

Ina roƙon duk mai ɗan'uwa da zai yi tafiya: kafin ya fita, ku ɗauki hoton fasfonsa da bizarsa da lambar kafilinsa ku ajiye a gida. A filin jirgi ya ƙirga jakunkunansa, ya ɗauki hoton takardar da aka liƙa wa kowace, kada kuma ya karɓi saƙon kowa ko da na ɗan'uwa ne sai ya buɗe ya gani da idonsa. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya ba iyayensu juriya.