Amsar Tambaya: Injin ya yi nokin, zan iya cire kirankshaf da kaina?

Tambaya: Ina koyon kanikanci a Zariya. Injin motar yayana ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, maigidana ya ce sai an fito da kirankshaf. Zan iya yi da kaina?

Amsa: Ƙanena, za ka iya, amma maigidanka ya kasance a kusa. Irin wannan ƙara yawanci metal ne ya cinye saboda ƙarancin baƙin mai, don haka kada a sake tayar da motar.

Ka tsiyaye man, ka sauke injin, ka raba shi da giyabos. Cire kulochi da filawil a baya, fuli da tamin bel a gaba, sannan ka kifa injin ka buɗe kaskon mai.

Nan ne nake so ka natsu. Kowane murfin kwanrod da na babban metal yana da mazauninsa da fuskar da yake kallo. Ka yi musu lamba kafin ka taɓa sifana, domin in ka musanya su, kirankshaf ɗin zai ɗaure bayan an haɗa. Ka sassauta kusoshin kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Ku ɗaga kirankshaf ɗin ku biyu, yana da nauyi, kuma kada ka buga shi da guduma.

Daga nan ka kai wa masu gurza su auna. In ya ci, sukan rage milimita 0.25, sai ka sayi metal mai wannan awon. Kafin ka mayar, wanke ramukan mai tas, ka duba famfon man ma.