Kafin ka zaunar da motarka ƙasa

 Ɗana, labari ya iso mini cewa motar nan da ka saya kana shirin kai ta Kano a rage mata tsayi, ta zauna ƙasa, taya ta shige cikin bodi irin waɗanda kuke gani a waya. Ban ga laifinka ba. Kuɗin guminka ne, kuma kowane zamani da irin kwalliyarsa. Mu ma a namu lokacin har tuntaye muka ɗaura wa kekunanmu. Ba hana ka zan yi ba. So nake kawai ka san abin da za ka samu da abin da za ka bayar tun kafin bakanike ya sa jak.

Bari mu fara da abin da ke bayan tayar. Kowace ƙafa ta mota tana da ma'aikata biyu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, ya lotsa in an faɗa rami, ya miƙe in an fito. Shokazoba kuwa shi ke hana motar ta yi ta lilo bayan an wuce ramin, domin a cikinsa akwai mai da ake matsawa ta ƙananan ƙofofi, shi ke shanye tsallen. A ƙafafun gaba na yawancin motocin da muke hawa, Golf ne, Corolla ce ko Camry, an haɗe biyun wuri ɗaya, ana kiransu sitirot. Wani injiniyan Amurka mai suna Earle MacPherson ne ya tsara shi, kamfanin Ford ya sa shi a motar Consul a Ingila a 1950, daga nan duniya ta ɗauka. Abin lura shi ne sitirot ba tsalle kaɗai yake shanyewa ba. Shi ke riƙe da tayar a tsaye, kuma da shi take juyawa in ka murɗa sitiyari. Duk wanda ya taɓa tsayinsa ya taɓa tsayuwar taya da tafiyar sitiyari, ko ya sani ko bai sani ba.

Shi kuma koyiloba da ake ta yi maka talla, sifirin ne da shokazoba a haɗe, amma an yi wa jikinsa zare irin na kusar noti, da zobba biyu da ake juyawa da sifana. Ka juya sama mota ta ɗagu, ka juya ƙasa ta zauna. Wasu ma suna da ɗan maɓalli na ƙara tauri ko rage shi. Asalinsa kayan masu tseren mota ne, waɗanda ke gudu a kan kwalta sumul, inda zama ƙasa ke hana mota karkata a kwana. Wannan amfanin gaskiya ne, ba zan ƙaryata shi ba. Sai dai ka tambayi kanka: kwana nawa kake sha da gudu tsakanin gidanka da Haɗeja, kuma rami nawa kake faɗawa?

Ƙaramar motar gida, daga cikinta zuwa ƙasa, yawanci santimita 13 zuwa 16 ne, wato bai kai taƙi guda na hannunka ba. Wannan ɗan filin shi ne jarinka a ƙasarmu. In ka cire santimita 5 daga ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ka bayar, tun kafin kowa ya shiga motar. Sai ka ɗauki mutum huɗu, ka jefa buhun shinkafa a but, ka ga abin da ya rage. Ka dubi mai fito a bakin ruwan Marma: komai yawan masu jiran ƙetarewa, sai ya bar tazara tsakanin ruwa da bakin kwalekwalensa, don ya san igiyar ruwa ba ta sallama. Tsayin mota ma haka yake, ba don ranar lafiya aka bar shi ba.

Kai ɗan Kirikasamma ne, ba sai na ba ka labarin ƙasarka ba. Tudunmu rairayi, fadamarmu laka. Dausayin Baturiya da ke cikin ƙaramar hukumarmu har duniya ta san da zamansa, tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ruwa kuma in ya rasa hanyarsa sai ya bi tamu. Ambaliyar 2022 ba wanda ya manta da ita a masarautar Haɗeja. Kuma ba sai an yi ambaliya ba. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan fadama a watan Agusta, za ka tarar tarakta da manyan motoci sun haƙa layi biyu a hanya, sun bar doro a tsakiya. Tayoyinka za su bi ramukan biyu, doron kuma ya bi ta ƙarƙashin cikin motarka. In rani ya yi lakar ta bushe, doron nan ya zama kamar dutse.

Wata rana in ka je gareji, ka roƙi bakanike ya bar ka ka leƙa ƙarƙashin mota. Abin da ya fi kusa da ƙasa a gaba shi ne kwanon baƙin mai, wanda suke kira botom filet, sai salansa da ta bi ta tsakiya, sai tankin fetur a baya. A wasu motocin kwanon nan na alminiyam ne, ba ya lotsewa, tsagewa yake yi. In ya tsage baƙin mai ya tsiyaye ba ka lura da jar fitilar ba, kafin ka kai gari inji ya buga. Ga kuma bakin da inji ke shaƙar iska: duk santimitar da ka sauke, ka kusantar da shi ga ruwa ne. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga cikin silinda sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin nan take. Kuɗin kwalliya ya koma kuɗin inji.

Akwai kuma abin da ba a gani a hoto. Sifirin da aka gajarta dole a ƙara masa tauri, in ba haka ba mota ta riƙa dukan ƙarshen ƙafarta. Dukan da sifirin ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, yana wucewa ne zuwa boljoyin, da bushin, da rim, sannan ya ƙare a bayan wanda ke zaune. Kai saurayi ne, za ka jure. Amma motar gida ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita za a buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama, ita za ta kai mahaifiyarka asibitin Haɗeja da ciwon bayanta. Ka sa su cikin lissafi.

Abin da ya sa Peugeot 504 ta yi suna a ƙasar nan, tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ba kyan fuska ba ne kawai. Ƙafarta ce mai tsawon lotsawa, mai shanye rami, kuma a shekarar ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a kan burji da taɓo. Har yau ka je tasha ka duba Golf ɗin 'yan haya: ɗaga bayanta suke yi, suna ƙara mata ƙarfin sifirin. Waɗannan mutane a kan hanya suke cin abinci, ba su yi haka don rashin sanin ado ba. Ko a Amurka, inda samarin Los Angeles 'yan asalin Meziko suka shahara da zaunar da mota tun shekarun 1940, da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin rim, sai suka koma sa famfon mai da ke ɗaga motar a danna maɓalli. Su da suka ƙirƙiro abin, sun tanadi hanyar ɗagawa.

To, in duk da haka zuciyarka na kan abin, ga yadda za ka yi shi da hankali.

Da farko ka duba ko ƙafafun da ke jiki suna da rai. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: in ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ko ka ga mai ya jiƙe jikin shokazoba ƙura ta manne, ya mutu. Sau da yawa rangajin da ke sa matashi sha'awar koyiloba, sabon sitirot na asali irin na KYB ko Monroe ya isa ya gyara shi. In za ka canja, ka canja biyu tare, hagu da dama, har da robar saman da yake zaune a kai.

Na biyu, kada ka yarda a yanke maka sifirin, kada kuma a gasa shi da wutar mai walda. Za ka ga an sa masa wuta ya yi ja, motar ta lotsa a gabanka, a ce an gama cikin arha. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, gefe ɗaya zai fi ɗaya zama, wata rana kuma ya karye a kan gudu. Yankakken sifirin kuwa yakan zame daga mazauninsa in taya ta rataya a rami. Araha ba ta ado.

Na uku, akwai gajeren sifirin da kamfanoni irin su Eibach da H&R ke yi, yana sauke mota kamar santimita 2.5 zuwa 4. Ba a ɗora shi a kan tsohon shokazoba, sai wanda aka yi don su tafi tare, in ba haka ba zai kashe shi da wuri. Matsalarsa a wurinmu ita ce in ya zauna ya zauna, rani da damina.

Don haka in dai dole ne, koyiloba ya fi dacewa da ƙasarmu, saboda ana iya mayar da shi sama. Ka nemi wanda aka yi don hawan yau da kullum, mai laushi, mai roba a samansa, ba na filin tsere ba. Sunaye irin su Tein, KW, Bilstein da BC Racing sanannu ne, kuma sanannen suna shi ake yi wa jabu, don haka in za ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, a tabbatar na samfurin motarka ne da shekararta. Kada ka sauke fiye da santimita 2 zuwa 3, kuma a auna da mutane a ciki, ba motar tana wofi ba. A shafa wa zaren giris, ka riƙa wanke shi, domin laka da ƙurar hunturu in suka ci zaren, zobban ba za su sake juyawa ba. Kafin ruwan farko ka ɗaga ta. Duk lokacin da aka sauya tsayi a daidaita fitilun gaba, a kuma sake alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki alhali wajenta sabo ful. Ka bar tayarka mai kaurin gefe, don siririyar taya a kan babban rim ba ta yafe rami. Sannan tsofaffin ƙafafun da aka cire kada ka bar su a gareji. Ka kawo su gida ka ajiye, domin ran da koyiloba ya fara yoyo ba lalle ka sami irinsa a Haɗeja ba, ran da za ka sayar da motar kuma mai saye a nan ƙarƙashinta zai fara leƙawa.

In ra'ayina kake so, ɗana, ka sa mata sababbin ƙafafu na asali da tayoyi masu kyau, ka bar ta a tsayin da masu ita suka yi ta, ragowar kuɗin ka ajiye don ranar gyara. In kuma ka zaɓi saukewar, ban yi fushi ba, amma kada ta wuce yatsa biyu, kuma kada damina ta same ta a ƙasa. Allah ya tsare hanya, ya sa ka more ta lafiya.